Akuyar Mama Emeka

Shekaru sun ja tun da wannan abu ya faru, kuma ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba abin jingina ba ce. Akwai wuraren da nake ganinsu a idona kamar jiya aka yi, akwai kuma inda ban tabbata ba ko haka abin ya kasance ko kuwa yawan maimaita labarin ne ya goge shi a bakina. Inda nake shakka zan faɗa. Mai karatu ya yi mini uzuri.

Sunana Lawali, mutumin Bukkuyum ne ni. Ilmin ƙasa na karanta a jami'a, daga nan aka tura ni bautar ƙasa can ƙasar Ibo, a shekarar da Kirsimeti ta faɗo cikin goman ƙarshe na azumi. Ita ce kuma shekarar da sunan jiharmu, Zamfara, ya cika gidajen rediyo saboda maganar Shari'a, aka kuma yi tarzoma a Arewa aka kashe mutane, aka rama a Kudu. Ban kawo wannan don in tayar da tsohon miki ba, sai don in ba a san shi ba, sauran labarin ba zai fito ba.

A tashar Onica wahalata ta fara. Mun fito daga sansanin horo ni da Sanusi, wani ɗan Gummi da muka saba a can, kowa zai nemi motar garin da aka tura shi. Ban taɓa ganin taron mutane irin na tashar nan ba. Muna tsaye muna waige-waige sai ga wani mutum da hular taɓa-ka-ji-hadisi, ya ce, "Malam sannu, ina za ka?" Jin Hausa a wurin nan ya sa na ji kamar an zuba mini ruwan sanyi. Na faɗa masa sunan ƙauyen. Ya ce ai motar tana can ƙarshen tasha, ya saɓi jakata a ka, ya ce in biyo shi. Na bi shi. Wata amalanke ta ratsa tsakaninmu, ina kewaye ta na ɗaga kai, babu mutum babu jaka.

Takarduna suna cikin aljihun riga, wannan kaɗai Allah ya tsare. Amma tufafina sun tafi, da kuka da daddawa da yajin da Inna ta daka mini, da buzun da Baba ya ba ni. Fatar ragon layyarsa ce, shi ya kai wa majemi da kansa, ya naɗe ya sa mini a ƙasan jaka.

Sanusi ya dawo ya same ni tsaye kamar an dasa ni. Ya ce, "Kai Lawali! Duk wanda yac ce maka sannu ɗan'uwanka na?" Ya yi faɗa, ya zazzage ni, sannan ya buɗe jakarsa ya ba ni riga da wando. Motarsa ta cika, kwandasta yana buga mata gefe. Ya shiga yana leƙo ni ta taga. Ban sake sa shi a ido ba sai ranar da aka sallame mu daga bautar ƙasa.

Ƙauyen da aka tura ni koyarwa a makarantarsa yana cikin kurmi, itatuwan kwakwar manja sun rufe sama har ba ka ganin inda rana take faɗuwa. Shugaban makarantar mutum ne mai sanyin hali. Ya karanta takardata, ya iso wurin sunan jiha, ya ɗago ya dube ni. Ya ce ɗakin da ake sauke 'yan bautar ƙasa rufinsa ya rufta tun damina, sai dai mu nemi wuri a cikin gari. Muka bi gida-gida. Zai shiga ya yi magana da yarensu, a leƙo a dube ni, a girgiza kai. Ban ji abin da ake cewa ba, amma sunan jiharmu ba ya bukatar tafinta. A wani gida wata mata ta tofa yawu a ƙasa. Ba zan ce na ga laifinsu ƙwarai ba, domin daga baya na ji cewa an kawo gawarwakin 'ya'yan ƙauyen nan daga Arewa a farkon shekarar.

Rana ta yi sanyi muna kan hanyar komawa makaranta, ina tunanin kwanan aji, sai wata tsohuwa da ke ɓarar agushi a barandarta ta ɗaga murya.

"Kai, yaro! Ɗan wane gari?"

Da Hausa ta faɗa. Na tuna mai hula na tasha, amma na amsa.

"Bukkuyum? Ban san shi ba. Ƙaura na sani. Mijina ya yi aikin jirgin ƙasa a Ƙaura kafin yaƙin basasa. Ka ci abinci?"

Na ce ban ci ba.

"To me kake tsaye kamar turken awaki? Shigo."

Hausarta ta yi tsatsa, takan mayar da namiji mace, mace namiji, amma ana ganewa sarai. Mama Emeka ake kiranta, mijinta ya daɗe da rasuwa. Ta buɗe mini wani ɗaki mai gado da tebur, da takalma ƙafa biyu a jere ƙarƙashin gadon. Ta ce in kwana a gado amma kada in taɓa takalman. Washegari shugaban makaranta ya ja ni gefe ya faɗa mini: ɗakin ɗanta ne, Emeka, shi kaɗai gare ta namiji. Yana sayar da kayan gyaran mota a Arewa. Tun tarzomar nan ba a ji ɗuriyarsa ba, ba a kuma kawo gawarsa ba.

Na yi wata da watanni a ɗakin nan, kuma ban taɓa samun bakin yi mata maganar ba. Me zan ce? Duk ranar Asabar takan shigo da tsumma ta goge takalman, ni kuwa in fita waje in yi kamar ina duba littattafan ɗalibai.

Salla kuwa a kan takardar buhun siminti nake yinta, wadda na tsinto a bayan makaranta na karkaɗe. Alƙibla kintatar ta na yi da fitowar rana, Allah ya karɓa. Babu kiran salla, sai ƙararrawar coci. Nama na daina ci tunda ban san yankan wa ba ne. Mama ta lura ba tare da na faɗa ba, ta ware mini wata ƙaramar tukunya, kifi da ganye kawai take sa mini. Da kaka ta yi, nakan zauna in lissafa a raina cewa yanzu an gama yankan gero a gida, amalanken shanu suna shigowa da dammuna, Inna tana dama fura da nonon da matan Fulani suke kawowa ranar kasuwa.

Mutum ɗaya ne bai ɓoye ƙiyayyarsa ba, Mazi Uche, ƙanen mijinta, wanda gidansa ke jikin namu. Bai taɓa kirana da sunana ba. "Shari'a" yake ce mini. In na fito da safe zan tafi makaranta sai ya ce da Turancinsa, "Shari'a, yau hannun wa za ka yanke?" Yana dariya, amma idonsa ba ya dariya. Na sha jin suna musayar magana da Mama, muryarsa tana tashi, yana nuna ƙofar ɗakina.

Azumi ya kama, a wata ƙaramar rediyo da shugaban makaranta ya ara mini na ji an ga wata. Na riƙa yin sahur da garin rogo da ruwa. Makaranta ta yi hutu, sauran 'yan bautar ƙasa suka watse gidajensu, ni kuwa hanyar ta yi mini nisa, kuma ba na jin ina da ƙarfin halin sake ratsa tashar Onica ni kaɗai.

Ana saura kwanaki kaɗan Kirsimeti, Mama ta dawo daga kasuwa tana jan akuya. Irin awakinsu ne, gajeru masu tumbi, ba ta kai rabin jar akuyar gida ba. Ta ɗaure ta a gindin lemo, ta zauna tana haki.

"Lawali, ka ga naman Kirsimeti. Kai za ka yanka."

Na ce, "Ni, Mama?"

"Akwai wani Lawali a gidan nan?"

Ta bayyana mini yadda abin yake. Dangin mijinta duk za su dawo daga birane don bikin, kuma Mazi Uche ya ce za a zauna a kan maganata. A faɗarsa, ta sa maciji a gadon ɗanta. Ya ce irinmu ƙazanta muke ɗaukarsu, ba ma cin abincinsu, ba ma taɓa abin da suka taɓa, ga tukunya nan ma an ware mini. Ita kuwa ta ce musu ƙarya ne, yaron zai yanka akuyar da hannunsa, zai ci tare da su. Mazi ya ce in na yi, shi ya yi shiru. In na ƙi, in kwashe kayana kafin sabuwar shekara.

"Na riga na faɗa a gaban mutane," in ji ta. "Kada ka kunyata ni."

Na shiga ɗaki na zauna a bakin gado.

A jami'a akwai 'yan'uwa masu wa'azi da na ji suna gargaɗi mai zafi a kan shiga bukukuwan da ba na Musulunci ba, suna cewa wanda ya taya ya yarda ke nan. A zauren Baba kuma na taso ina jin ana karanta haƙƙin maƙwabci, ko da ba addininku ɗaya ba, da sakayya ga wanda ya yi maka alheri. Duka biyun na ji su, babu wanda na sani sanin da zan iya yanke hukunci da shi. Ni taswira na karanta da nau'o'in duwatsu. Idan na yanka, shin na taya su bikin da ya saɓa wa abin da na yi imani da shi, a cikin goman ƙarshe, ina ɗauke da azumi a baki? Idan na ƙi, ina zan kwana? Kuma da wane ido zan dubi matar da ta ba ni gadon ɗanta? Bukkuyum ba waya, saƙo ta hannun direbobi kuwa kafin ya je ya dawo an yi Sallah an share fage.

Akwai kuma abu na uku da na ji kunyar faɗa mata. Su a ganinsu kowane Bahaushe mahauci ne. Ni kuwa ko kaza ban taɓa yankawa ba. A gida Baba ke yi, in ba ya nan a kira liman, ni aikina riƙe ƙafa ina kau da kai.

Shugaban makaranta ya ce akwai kara, wato kasuwar shanu, a wani gari mai ɗan nisa, inda 'yan Arewa suke, har da masallaci. Na ce to can zan sami malami. Na hau kabu-kabu zuwa bakin titi, na shiga bas, na sauka na ƙarasa da ƙafa, ga rana ga azumi. Na sami masallacin, amma kwanon rufinsa ya yi baƙi, rabin bango ya zube, ciyawa ta fito a inda liman yake tsayawa. Rumfuna da yawa babu kowa. A ƙarƙashin wata bishiya na ga wani dattijo Bafulatani yana tufkar igiya. Na yi sallama. Yadda ya amsa kawai na san mutumin wajenmu ne. Jaɓɓi sunansa, daga yankin Gwashi, shi ke rako shanu a tirela. Na durƙusa na gaishe shi, ban san lokacin da hawaye suka zubo mini ba.

Na tambayi liman. Ya ce, "Liman ya tahi gida tun da anka yi abin ga. Bai komo ba."

Na kwashe labarina duka na faɗa masa. Ya saurara yana tufkarsa. Da na gama na ce, "Baffa, mi kaka gani? Ya halatta?"

Ya ce, "Ɗana, ni shanu nika kora. In na ce maka i, ranar gobe a tambaye ni ina nis samo ta. In na ce a'a, a kore ka, ni ban da ɗakin ba ka." Ya ja igiyarsa ya ƙulle. "Hwatawa ba ni da ita. Wuƙa ina da ita. Ka iya yanka?"

Na sunkuyar da kai.

"Bokon banza," in ji shi, amma ba da zafi ba. Ya tashi ya kai ni bayan rumfa inda wasu mahauta biyu za su yanka tunkiya. Ya sa na tsaya kusa, ya nuna mini yadda ake kwantar da dabba a gefen hagu, inda ake taka ƙafa, inda ake lalubo maƙogwaro, da cewa kada in ɗaga hannu sai na gama. Ya wasa wata wuƙarsa mai ƙotar ƙaho ya miƙo mini. Ya ce, "In ka yanke shawarar yi, kak ka wahal da dabba. In ba ka yi, ka yanka albasa da ita."

Sai da na kama hanya sannan abin ya faɗo mini: ga ɗan Zamfara zai shiga ƙauyen nan da wuƙa mai kaifi a jikinsa, a irin wannan shekara. Da za a tare motar a bincika fa? Na sayi nonon ayaba guda, na cusa wuƙar a tsakiya na ɗaure da leda, na rungume a cinya kamar jariri. Duk shingen da muka tsaya sai zufa ta karyo mini. Na dawo ba fatawa, sai ayaba.

Na yi istihara iyakar yadda na iya. Ban ga komai a mafarki ba. Abin da na iya tsayarwa a raina shi ne in shata wa kaina iyaka: ba zan shiga coci ba, ba zan furta wata kalma ta aƙidarsu ba, ba zan zauna inda ake shan giya ba. Yanka kuwa zan yi shi da sunan Allah, nama ne na ci, kamar yadda maƙwabci yake yi wa maƙwabci. Ko wannan iyaka daidai take, har yau ba zan rantse ba. Na je na faɗa wa Mama, na ƙara da cewa, "Ba don bikin zan yanka ba, don ke zan yanka."

Ta ce, "Akuya ba ta san bambanci ba. Yanka dai."

Da safiyar ranar Kirsimeti, kafin su tafi coci, tsakar gida ta cika da mutanen da ban taɓa gani ba, maza da mata cikin sababbin kaya. Aka kawo akuyar. Mazi Uche ya fito da kwalbar barasa ya ce, bisa al'adar gidansu, sai an zuba wa kakanni a ƙasa kafin jini ya zuba. Na ce, da muryar da ni kaina ban gane ta ba, in an zuba ba zan iya yankawa ba. Mazi ya juya yana duban jama'a, kamar yana cewa kun gani ko. Sai Mama ta yi masa magana da yarensu, gajeriya, mai kaifi. Wasu mata suka kwashe da dariya. Daga baya Mama ta ce mini abin da ta faɗa shi ne, mutumin da yake zama a layin gaba a coci bai kamata a gan shi da kwalbar kakanni ranar haihuwar Yesu ba. Ya mayar da kwalbar aljihu.

Na zaro wuƙar Jaɓɓi. Na ga wata mata ta ja 'ya'yanta baya. Na juya akuyar ta fuskanci inda nake zaton alƙibla ce. A nan wani abu ya faɗo mini wanda ban yi tunaninsa ba tun farko. Dole in ce Bismillahi, Allahu akbar. Kalmomin da na taso da su a bakin Inna tana tashina da asuba. Amma na san a cikin masu tsayuwar nan akwai waɗanda suka gudo daga Arewa, waɗanda a bakin masu bin su da adduna suka ji kabbarar nan ta ƙarshe. In na ɗaga murya, me zai faru? In na haɗiye, na ɓoye sunan Ubangijina don tsoron mutane? Na faɗa da murya daidai wadda na kusa zai ji. Wani ya ja numfashi a bayana. Na rufe ido, na tuna Jaɓɓi ya ce kada in ɗaga hannu, na buɗe, na yanka.

Da na miƙe sai ƙasa ta juya mini. Na dafa bishiyar lemo na zauna daɓas, wuƙar ta faɗi. Mazi Uche ya tsaya a kaina yana kallo. Ya ce, "Wannan ne muke jin tsoro? Ai akuyar ta fi shi jarumta." Aka yi dariya, har da ni ina jin na yi ɗan murmushi.

Samari suka tara busasshen ganyen kwakwa za su kunna wuta, domin su can ba sa feɗe akuya, babbake ta suke yi da fatarta, kuma fatar ita ce abin da suka fi so a cikin miya. Mama ta daka musu tsawa. Ta ce feɗewa za a yi. Nan gardama ta ɓarke, maza suna ɗaga hannu, wani yana cewa wane irin Kirsimeti ne ba fata a tukunya. Ta ce akuyarta ce. Ta dube ni ta ce in feɗe. Na ɗauka wata jarrabawar ce kuma. Na yi iyakar ƙoƙarina, na huda fatar a wuri biyu ko uku. Ta karɓa ta wuce da ita bayan madafa.

Suka tafi coci, suka dawo, aka yi ta kiɗa da ciye-ciye. Ina ɗaki da azumina da carbin da na haɗa da ƙwallayen wani ɗan itace. Masu wucewa ta taga suna yi mini gaisuwar bikinsu, ni kuma ina cewa na gode. Mama da ta leƙo, na ce mata, "Allah ya ba ki lafiya, Mama, ya faranta miki." Iyakar abin da bakina ya iya ke nan. Rana tana faɗuwa ta shigo da farfesu a ƙaramar tukunyata. Mazi Uche ya biyo ta ya tsaya a bakin ƙofa. Na sha ruwa, na yi bisimilla, na ɗauki tsoka na ci. Rabona da nama tun sansani. Ya tsaya har na haɗiye, sannan ya juya ya tafi. Ko an yi zaman da aka ce za a yi a kaina, ban sani ba. Ba wanda ya sake ce mini in tashi. Bai daina kirana Shari'a ba, amma ya daina tambayar hannun wa zan yanke.

Sallah ta zo bayan kwana biyu ko uku, ban riƙe ba. Babu idi, babu motar zuwa kara. Na wanke rigar Sanusi na sa, na zauna a baranda. Mama ta fito ta ce, "Barka da Sallah, Lawali." A Ƙaura ta koya. Na amsa, na kau da fuska.

Bayan wasu makonni na dawo daga makaranta na tarar babu takardar simintina a inda nake jingine ta. A wurinta ga fatar akuyar nan a shimfiɗe, ta bushe, an goge ta da toka an bubbuga har ta yi laushi, an ɗinke hudojin da na yi da baƙin zare. Mama tana tsaye a bayana.

"A Ƙaura mijin maƙwabciyata a kan fata yake salla," in ji ta. "Matarsa ta ce mini sai wadda Musulmi ya yanka. Shi ya sa na ce kai. Uche da bakinsa ya kawo maganar kora, ni na hau kai." Ta gyara ɗaurin zanenta. "Kullum ina ganin goshinka da farin siminti. Ba a gidana ba."

Na buɗe baki, ta ɗaga hannu.

"Idan Emeka yana wani gida a ƙasarku, ina so wani ya ba shi abin da zai durƙusa a kai."

Ta fita. Na tsaya ina duban fatar da takalman da ke ƙarƙashin gado.

Fatar ƙarama ce, ba ta ɗaukar goshi da gwiwoyi a lokaci guda. Nakan sa goshi da tafin hannu a kanta, gwiwoyi a ƙasa. Haka na yi salla har na gama shekarata.

Da na dawo Bukkuyum na shimfiɗa ta a zaure, ƙannena suka yi ta dariya, wai wannan fatar kyanwa ce ko ta zomo. Na ba Baba labari tun daga tasha. Ya juya fatar yana duba ɗinkin. Ya ce, "Wa yay yanka ta?" Na ce ni. "Ka ambaci sunan Allah?" Na ce na ambata. Ya ce, "To aje ta inda ɓera ba ya kai. Sauran ka tambayi malamai, ni manomi na."

Na tambaya. Wani malami a Anka ya ce ban yi laifi ba tunda ban shiga ibadarsu ba, kuma kyautata wa wanda bai yaƙe ka ba abin so ne. Wani a Gummi ya ce da na nemi hanyar kaucewa da ya fi, amma Allah yana duban halin da bawa yake ciki. Na karɓi duka biyun, ina kuma neman gafara a kan abin da na kuskure ban sani ba.

Emeka kuwa na neme shi iyakar iyawata. Duk shagon kayan mota na Ibo da na gani a Gusau, a Gummi, har Sakkwato, na tsaya na tambaya. Sukan ce, wane Emekan? Emeka ai da yawa. Hotonsa ɗaya na taɓa gani a bangon Mama, dogo ne, da wushirya, da tabo a girar hagu, in ba dama ba ce. Ban sake komawa ƙauyen ba. Saƙon da na aika ta hannun wani direban tirela ban san ko ya isa ba.

Wannan shi ne abin da na iya tunawa. Sanusi na Gummi, in wannan ya iso gare ka, ka gyara mini abin da na kuskure a kan tashar Onica. Wanda ya san Baffa Jaɓɓi ko iyalansa a Gwashi, ya gaya musu wuƙarsa tana hannuna. Duk wanda ya yi zama a yankin nan a shekarar kuma ya ga na karkace, ya sanar da ni, zan karɓa da godiya. Sannan in akwai wani gida a Arewa da ya taɓa ɓoye wani dogon Ibo mai wushirya a lokacin tarzomar nan, ko ya san inda aka binne shi, don Allah ya aiko mini. Akwai takalma ƙafa biyu da ake gogewa duk Asabar, in mai goge su tana da rai.